Mijin Gwaggo Ba Ladan Ba Ne

Ranar Talata bayan la'asar muka kai mijin Gwaggo makwancinsa a maƙabartar Ma'ala. An yi masa salla a Harami, sahu har bayan ginshiƙai, amma wannan ba abin alfahari ba ne. A Makka ba a rasa masu salla, masu rakiya ake rasawa. Da aka ɗauki makara sai ga mu mu kaɗai: dangi, maƙwabta na kusa, da wasu tsofaffin Buharawa biyu, mutanen ƙasar Buhara, da ban san wanda ya gaya musu ba.

Da magariba aka shimfiɗa tabarmi a lungunmu na Mansur, aka kunna fitila, aka fara zagayawa da gahawa. Kowa ya zo da tasa. Mai shayin bakin hanya ya ce tun da ya san mutumin nan bai taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Wata mata da ta zo ta hanyar Sudan ta aiko daga wajen mata cewa shi ya nemo mata uwarta a Arfa shekarar da ta ɓace. Ɗaya daga Buharawan nan ya zauna yana share ido da gefen rawaninsa har gahawarsa ta huce.

Sai Baffa, wan Gwaggo kuma wan mahaifina, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, ya gyara zama ya ce wa baƙi:

"Ai ladan ne a ƙasarsu. Babban masallaci. 'Yan kwaminis ne suka koro shi."

Mutane suka ce Allahu akbar, Allah ya sa ya huta. Ni na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata.

Na san dalilin wannan magana. Ɗan Gwaggo, ɗa ɗaya da ta haifa wa marigayin, magatakarda ne a wani ofis, yana sa farar riga mai guga, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Yana neman 'yar wani mai sayar da yadi, irin Hausawan nan da kakanninsu suka zo tun zamanin Turkawa, masu tambayar asalin mutum kafin su tambayi lafiyarsa. An ce uban yarinyar zai zo gaisuwa ranar uku. Baffa yana share hanya ne tun da wuri.

Bayan an watse Gwaggo ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan buzu cikin kayan takaba.

"Ka ji abin da Yaya yake faɗa?"

"Na ji, Gwaggo."

"Kai ka yi aiki da shi, ka san ko shi wane ne. Kafin a naɗe tabarmin nan ina so namiji ɗaya ya buɗe baki ya faɗi sana'arsa. Ɗaya kawai."

"Gwaggo, auren yaron fa?"

"Yaron ɗan wane ne?"

Na ce Allah ya kai mu, na fita.

Ni ba malami ba ne. Karatuna ya tsaya inda kuɗin ubana ya tsaya, na ɗauki garwar ruwa a kafaɗa har kafaɗar ta yi kanta, yanzu ina tuƙa lorin wani. Amma abin da na sani game da mutumin nan zan rubuta shi yadda yake.

Mawaƙi ne. A ƙasar Rasha aka haife shi, cikin wata ƙabila ta Musulmi da ake kira Tatar. Ubansa fatu yake sayarwa. A makarantar allo ta garinsu aka fara jin muryarsa, wani Barashe mai kuɗi ya ji, ya ɗauki nauyinsa zuwa babban birnin sarkinsu, inda akwai makaranta da ba a koyar da komai sai waƙa da kiɗa. Da ya fara gaya mini haka dariya na yi. Ammi nake kiransa, wato kawu da Larabci. Na ce, "Ammi, waƙa ma sai an je makaranta? Mu a wajenmu gado ce, ko kuma yunwa."

Ya ce, "Ya ibni, ɗana, na daɗe a makarantar nan ba a bar ni na yi waƙa ko ɗaya ba. Numfashi kawai."

Ya ce malaminsa wani tsoho ne mai zafin rai. Yakan kwantar da shi a ƙasa ya ɗora masa manyan littattafai a ciki, ya ce ɗaga su da numfashi. Yakan kunna kyandir a gaban bakinsa ya ce ja murya, idan harshen wutar ya motsa a sake daga farko. Bayan numfashi aka koya masa karanta waƙa a takarda kamar yadda ake karanta wasiƙa, da harsunan Turawa biyu don waƙoƙinsu, da yadda ake tafiya, da yadda ake faɗuwa ƙasa ba a ji ciwo ba. Muryarsa irin ta ƙasa ce, mai kauri. Ya ce masu irin wannan murya ba a ba su saurayi a wasa, sai tsoho, ko mai gadi, ko sarki.

Abin da suke yi, in na fahimta daidai, labari ne ake yi da waƙa daga farko har ƙarshe, a wani ƙaton gida mai kujeru hawa-hawa. Ya fara a cikin taron masu amshi, can baya. Daga nan aka ba shi ɗan aike mai shigowa ya faɗi magana ɗaya ya fita. A hankali ya kai ga manyan wurare. Yakan ce, "Na mutu a gaban jama'a ban san iyaka ba, kullum sai sun tafa mini."

Sai yaƙi ya zo, sarautarsu ta rushe, yunwa ta shigo. Ya ce sun yi wasa a gidan da ba wuta, makaɗa da safar hannu, numfashin mawaƙa yana fita kamar hayaƙi, ladar aikin dare kuma ɗan garin alkama ko busasshen kifi. Zazzaɓi ya kama shi ya rage masa saman muryarsa. Shi ne ya koma riƙe sanda. Wannan aiki na fi shan wahalar gane shi. Mutum ɗaya ya tsaya a gaban makaɗa da mawaƙa masu yawa, ba ya kaɗa komai, ba ya rera komai, da 'yar siririyar sanda yake gaya wa kowa inda zai shiga da inda zai yi shiru.

Ranar da ya bayyana wa Baffa wannan, ina wurin.

Baffa ya ce, "To manyan gari suna ina?"

"Suna bayana."

"Ka juya wa manya baya?"

"Haka aikin yake."

"To wa ake wa kirari?"

"Ba kowa."

Baffa ya dube mu ya ce, "Roƙo dai roƙo ne, ko da an juya baya."

Yadda ya baro ƙasar bai cika son faɗa ba. An fara kama mutane, har da wanda ya ɗauki nauyinsa, shi kuwa ya gudu ta ƙasar Buhara, ya bi duwatsu, ya faɗa ƙasar Hindu, ya hau jirgin alhazai. Ya iso Makka da tsohon kwat ɗaya da sandar nan a naɗe cikin ƙyalle. Bayan hajji ciwo ya kwantar da shi a gefen hanya kusa da inda Gwaggo take suyar waina. Lokacin mijinta na fari ya rasu. Ta riƙa aika masa kunu har ya miƙe. Unguwa ta sa masa suna Moskofi, wato mutumin Rasha. Hausa kuwa da kunne ya koye ta, kamar waƙa, har ya fi wasu 'ya'yanmu na yau. Ya taɓa ce mini, "Ku Hausawa ko gaisuwa rerawa kuke yi, amma kun raina mawaƙi."

Dangi sun yarda da auren don ba su gane sana'arsa ba tukuna. Ranar sunan ɗansa suka gane, ko kuma suka ɗauka sun gane.

A lokacin ba a kiɗa a fili a garin nan, sai aka rufe ƙofar gida. Gwaggo ta roƙe shi ya yi wa jaririn waƙar ƙasarsu. Ya ƙi, ta nace. Ya shiga ɗaki ya sa kwat ɗin nan cikin zafin Makka, ya ɓalle maɓallai har wuya, ya fito ya tsaya a tsakar gida ya dafa ginshiƙin rumfa. Da ya buɗe baki, katangar gwangwanin gidanmu ta kama rawa. Ba ihu yake ba. Muryar ta fito ne kamar daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Mata suka bar tukunya suka tsaya. Ba wanda ya san abin da yake cewa, amma na ga mahaifina ya matso kusa.

Baffa ya ji daɗi, wannan ba zan hana shi ba. Ya tashi ya laluba aljihu ya ciro ƙurushi, ya taka har gabansa, ya manna masa a goshi, yadda ake yi wa maroƙi a gida. Gumi ya riƙe kuɗin. Baffa ya ce, "Madalla. In ka gama wannan sai ka yi na gidanmu, kakanmu mai unguwa ne." Aka yi dariya, mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa.

Bai tsaya ba. Ya ci gaba da waƙar da kuɗin a goshinsa, idonsa a kan bango, har ya kai ƙarshe. Sannan ya sunkuyar da kai kaɗan, ƙurushin ya faɗi ƙasa, ya tsallake shi ya shiga ɗaki. Daga baya na tambaye shi me ya hana shi tsayawa. Ya ce, "Malamina ya ce ko rufi ya faɗo, ka ƙarasa." Daga ranar bai ƙara waƙa a gaban mutane ba.

Baffa kuwa har yau bai san ya yi laifi ba. A wurinsa kyauta ya yi, aka tsallake masa ita. Daga ranar mijin Gwaggo ya zama maroƙin gidanmu. In an yi yanka, a ware masa kason maroƙi. In maza sun zauna a akushi, a zuba masa nasa daban. In za a yi shawarar aure ko gado, a aike shi sayo ƙanƙara. Mu duka mun gani, muka saba, kamar yadda ake sabawa da ɗoyin kwata. Shi kuma yakan karɓi kwanonsa ya ce an gode, ya ci a tsaye ko a zaune, bayansa a miƙe kamar an sa masa katako.

Akwai shekarar da ladanin ƙaramin masallacinmu ya kwanta ciwo. Liman ya ce wa mijin Gwaggo ya kira asuba. Ya yi wanka, ya tsaya a kan dakali, ya kira. Mutanen lungu uku suka zo salla, har waɗanda ba mu saba gani ba. Bayan an sallame Baffa ya tare liman a gaban kowa ya ce, "Malam, mun rasa mutane ne? Bakin da ya ci kuɗin roƙo shi zai kira mu gaban Allah?" Liman ba ya son rigima. Washegari aka ba wani tsoho mai tari. Wannan shi ne dukan ladancin mijin Gwaggo a duniya, asuba ɗaya, kuma wanda ya tsige shi shi ne yau yake naɗa shi bayan ya shiga ƙasa.

Abincinsa a Arfa ya same shi. Kafin a kawo na'urar ƙara murya, kowane muɗawwafi, wato mai kula da alhazai, yana ɗaukar masu kira saboda waɗanda suka ɓace a cikin tantuna. Ni da shi muka yi wa mutum ɗaya aiki shekaru. Ni nakan buɗe maƙogwaro in yi ta kururuwa, kafin azahar murya ta mutu, sai nuni da hannu. Shi kuwa ya hau akwati, ya sa ƙafa daidai, ya ce, "Hajiya wance ta Katsina, mutanenki suna wajen jar tuta," kamar yana magana da na kusa da shi, sai ka ga tsohuwa ta taso daga can ƙarshen fili tana kuka. Har rana ta faɗi muryarsa tana nan.

Wata rana ya tsokane ni a ƙasan haƙarƙari da yatsa.

"Daga nan, ya ibni. Kai da wuya kake kira, kamar akuyar da aka ɗaure."

"Ammi, ni mai ruwa ne, ba mawaƙi ba."

"Mai ruwa ma yana numfashi. Kwanta."

Ya kwantar da ni a bayan tanti ya ɗora mini dutse a ciki, alhazai suna wucewa suna tambaya ko aljanu ne suka buge ni. Na koyi kaɗan. Ba ni da haƙuri, kuma ina jin kunyar a ce maroƙi yana koya mini abu. Wadda ta koya sosai Gwaggo ce. Da can kullum da yamma muryarta a dishe take saboda tallan waina. Bayan aurensu sai ta zauna a kan kujerarta, ba ta ko ɗaga kai daga tanda, ta ce "waina da zafi," mutum ya ji ta daga bakin babbar hanya. Mata suna cewa asiri ya ba ta.

Sau ɗaya na ga ya fito da sandar. A hanyar Arfa ne, alhazanmu suna Labbaika kowa da nasa, wani ya fara wani ya ƙare, kamar kasuwa. Ya kasa jurewa. Ya hau bayan mota ya fuskance su, ya ɗaga sandar sama. Abin mamaki, duk suka ja numfashi tare ba wanda ya ce musu su ja. Ya sauke hannu, Labbaika ta fito guda ɗaya, har gashin jikina ya tashi. Muɗawwafin ya rugo yana cewa, "Ya shaikh, khalas, ya isa haka, mai da wannan abu, kada ka ja mini magana. Ibada ce ba wasa ba." Ya naɗe ta ya mayar cikin riga. Amma ya ci gaba da yi musu da gira har muka isa. A daren Muzdalifa ya ce mini, "Ba sauke hannun ne aikin ba. Ɗagawar ce. Kai kake ba mutane numfashi."

Da na'ura ta zo, aka daina ɗaukar masu kira. Ya koma gefen Gwaggo yana hura mata wuta yana miƙa wa masu saye waina a takarda. Hayaƙin ya shiga ƙirjinsa. Shekarunsa na ƙarshe in ya yi magana sai ka matso. Ɗansa kuwa in ya biyo layin da abokan ofis, ta ɗaya gefen yake bi.

Wannan shi ne mutumin da aka ce in faɗi sana'arsa.

Ranar uku bayan magariba mai yadin ya zo da 'yan'uwansa biyu, suna ƙamshin turare. Muka tashi muka jeru. Ya bi mu ɗaya-ɗaya yana ta'aziyya da Larabci, "Azzamallahu ajrakum," aka zaunar da shi a kan darduma kusa da Baffa. Tsakaninmu da mata asabari ne kawai aka rataya a bakin zaure. Baffa ya maimaita zancensa, wannan karon har masallacin ya sami hasumiya huɗu. Ya sa aka fito da sandar daga ƙyallenta, ya nuna wa baƙi ya ce da ita marigayi yake nuna wa yara baƙaƙe.

Mai yadin ya juyo wajena.

"An ce kai ka fi kowa zama da shi. Ladan ne ashe, ma sha Allah."

Na ja numfashi daga inda ya nuna mini. Na ji cikina ya cika. Sai ɗan Gwaggo, da ke zaune a gefena, ya kama bakin hannun rigata ya matse, ya ce a hankali, "Ya akhuya, ɗan'uwana, don Allah." Na dubi Baffa, na dubi tabarma. Na saki numfashin ta hanci, na ce, "Allah ya jiƙansa."

Mai yadin ya ce amin, ya miƙa hannu zai ɗauki finjalinsa.

Daga bayan asabari muryar Gwaggo ta fito. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Muryar tallan waina ce, a zaune, daga ƙasan ciki.

"Mijina mawaƙi ne. Ya yi karatunta a makaranta, ya yi ta a gaban dubban mutane, ya ja ragamar makaɗa da sandar nan da ke hannunka, Yaya. Bai roƙi kowa ba. Salla kuwa sau ɗaya ya kira, ka hana."

Har mai shayin bakin hanya ya ji, shi ya gaya mini da kansa washegari. Baffa yana riƙe da sandar, ya rasa inda zai ajiye ta. Mai yadin ya shanye gahawarsa, ya girgiza finjali, ya ce Allah ya yi masa rahama, suka tashi. Tsohon nan na Buharawa, wanda bai yi magana ba kwana uku, ya miƙe da ƙyar ya fuskanci asabarin, ya ɗora hannu a ƙirji ya sunkuya, sannan ya tafi.

Har yanzu gidan mai yadi ba su aiko da e ko a'a ba. Ɗan Gwaggo yana kwana a wajen abokinsa. Baffa ya ce ƙanwarsa baƙin ciki ne ya taɓa mata kai, mace mai takaba tana jiyar da maza murya. Ni na je gaishe ta da safe na tsaya a bakin ƙofa, na kasa shiga. Ta ce, "Shigo mana. Maza cike da lungu, na ji ka ja numfashin, har na ce ga shi nan." Ta turo mini kunu.

Allah ka yafe wa bawanka da ya zo gidanka daga nesa ya mutu a cikinmu. Ka yalwata masa kabari, ka zaunar da shi cikin jama'a, kada a zuba masa nasa daban. Ka ba Gwaggo haƙuri. Mu da muka zauna a tabarmar nan kuwa, ka san abin da ya dace da mu, muna roƙon ka sassauta.